TSIBIRIN MAN DA MAJALISAR KANO: WA KE WAKILTAR LEBURAN BOMPAI?

A tekun da ke tsakanin Ingila da Ayalan akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Man, wanda mutanensa duka-duka ba su kai dubu 90 ba. Yana ƙarƙashin rawanin Ingila, amma shi ke yin dokokinsa, shi ke yanka harajinsa. Duk shekara 5 akan yi babban zaɓen majalisar wakilansa mai kujeru 24, kamar yadda aka yi a watan Satumba na 2016 da na 2021. Mazaɓu 12 ne, kowace da wakilai 2, akasarinsu kuma ba su da jam'iyya, da sunansu suke tsayawa. Wato dai wakili ya san masu zaɓensa, su ma sun san ƙofar gidansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne al'adarsu ta farkon watan Yuli. Kowace shekara 'yan majalisar kan fito fili, a kan wani tudu a ƙauyen St John's, a shelanta wa jama'a dokokin da aka yi, da Turanci da kuma harshen tsibirin. Dokar da aka yi wata 18 ba a shelanta ta a wurin ba, ta faɗi. A wannan rana kuma talaka na iya tahowa da takardar kokensa ya miƙa a bainar jama'a.

Ba don a yi sha'awar Turawa aka kawo wannan labari ba. Tsibirin nan ya daɗe yana cin abinci da rangwamen haraji ga masu ɓoye dukiya, kuma wannan ba abin koyi ba ne. An kawo shi ne domin mai karatu ya ɗora shi a sikeli da abin da ke gabansa.

Majalisar Dokokin Jihar Kano kujeru 40 gare ta. Ƙaramar Hukumar Nassarawa, inda Bompai take, an ƙirga mata mutum kusan dubu 600 a ƙidayar 2006, kuma wakili ɗaya tilo take turawa. A tare leburan da ya tashi daga aikin dare a wata masana'antar robobi a Bompai, ko majemin da ke wanke fata a Challawa, a tambaye shi sunan ɗan majalisarsa na jiha. Da wuya ya faɗa ba tare da ya sosa ƙeya ba. Gwamna ya sani, jagoran jam'iyya ya sani, launin hula ma ya sani. Amma mutumin da aka zaɓa domin ya yi magana da yawunsa, sai dai a fosta.

Dalili a fili yake. Ranar 18 ga Maris 2023 aka haɗa zaɓen gwamna da na 'yan majalisa, kamar yadda aka saba, sai ƙurar na gwamna ta rufe ɗayan. Aka ce wa talaka ya yi sak, ya dangwala daga sama har ƙasa, ya kuwa dangwala. NNPP ta sami kujeru 26, APC ta sami 14. Daga nan hankalin kowa ya koma kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da ta zauna a Titin Miller, a cikin Bompai ɗin kanta, wadda ranar 20 ga Satumba 2023 ta soke ƙuri'u 165,663 ta ce Nasiru Gawuna ne ya ci, har zuwa 12 ga Janairu 2024 da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba Kabir Yusuf kujerarsa. Wata 10 gari na muhawara a kan kujera ɗaya. Kujeru 40 kuwa, ko oho.

Alhali majalisar nan ba 'yar rakiya ba ce a tsarin mulki. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma ba a yarda a taɓa kobo daga baitulmalin jiha ba sai da yardarta. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar kowace ma'aikata, sashe na 104 kuma ya wajabta mata zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Kuma ta nuna cewa idan ta ga dama, gudu gare ta kamar barewa. A watan Mayu 2019, cikin kwana 3 ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, Gwamna Ganduje ya sa hannu ranar 8 ga wata. Ranar 23 ga Mayu 2024 wata sabuwar majalisa ta rushe waɗannan masarautu, gwamna ya sa hannu a ranar, aka maido da Muhammadu Sanusi II. Ko ma wane ɓangare mutum yake a rigimar sarauta, abu guda ya tabbata: idan maganar ta manya ce, tawada ba ta bushewa kafin a gama.

To ina irin wannan hanzari a kan Bompai? Ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano tun zamanin dalar gyaɗa, kafin a buɗe Sharaɗa da Challawa. Tun daga tsarin SAP na 1986, ga faɗuwar Naira, ga rashin wuta, ga atamfar fasa-ƙwauri da ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu gine-ginen suka koma sito. Waɗanda suka rage, a watan Afrilu 2024 aka ɗaga wa masu rukunin A kuɗin wuta daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kowane ma'auni. Mai masana'anta ya sauke nauyin a kan wa? A kan leburan da ake ɗauka kullum a bakin ƙofa, ba takardar aiki, ba asibiti in inji ya cinye masa yatsu. An tsayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a ƙasa a 2024, Kano ta ce 71,000, amma mai aikin yini sai dai ya ji a rediyo.

A da 'yan majalisar jiha na da uzuri, su ce wutar lantarki ta Tarayya ce. Wannan uzuri ya ƙare. A watan Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, a watan Yuni kuma aka sa hannu a dokar lantarki da ta bai wa jihohi damar samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar kula da ita. Ga madatsar Tiga, ga ta Challawa, ga tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a Janairu 2023. Ma'aikaci ba takarda zai duba ba, zai saurara ne ya ji ko ƙarar janareta ta ragu a layinsu.

Haka batun ruwa. Dagwalon masana'antun Bompai na bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara ya zarce madatsar Wasai, kuma da shi ake ban-ruwan latas da kabejin da ke dawowa kasuwannin birni. Na majemun Challawa da Sharaɗa kuwa kogin Challawa yake nufa. Kiran masu laifi gaban kwamiti da tilasta tace ruwa, aikin majalisar jiha ne, ba ya bukatar izinin Abuja.

Zaɓen 2027 na tafe da taliyarsa da sabulunsa da turamen atamfa. Ƙungiyoyin ma'aikata da masu masana'antu da limaman unguwannin Dakata da Kawaji da Panshekara na da ikon kiran kowane ɗan takarar majalisa, shi kaɗai ba tare da inuwar ubangidansa ba, ya zauna gaban jama'a ya faɗi kwana nawa ya halarci zama in ya taɓa yi, wane ƙudiri ya kawo, da abin da zai yi kan wuta da dagwalo da leburan bakin ƙofa. A rubuta amsar a ajiye. Wanda ya ci amana bayan an zaɓe shi, sashe na 110 ya tanadi kiranye: fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.