Maganin Asu a Banɗaki Shi Ne Korar Danshi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini don in ja hankalin magidanta kan wani ƙwaro da ake rainawa, alhali ɓarnarsa ba ƙarama ba ce, wato asu. Shi ne ɗan siririn nan mai ruwan azurfa, marar fiffike, mai gashin baki biyu da silin jela uku, wanda ke arcewa cikin tsagar tayil da zarar an kunna fitilar banɗaki da dare. Tsawonsa bai cika wuce santimita 2 ba.

Asu ba ya cizo, ba ya yaɗa cuta. Dukiya yake ci. Abincinsa sitaci ne, da takarda, da gam ɗin da ake haɗa littafi da shi, da auduga. Yana kwana a banɗaki, ya yi kiwo a ɗaki: shaddar da aka sa wa sitaci aka ninke a akwati, takardun fili, takardun shaidar makaranta, har kundayen ajami da malamai suka gada a gafaka. Yana iya yin watanni bai ci komai ba, kuma yakan rayu shekaru.

Abin da ba ya jurewa shi ne bushewa. Ya fi walawa inda laimar iska ta haura kashi 75 cikin 100. A gidajenmu na da, makewayi na can ƙuryar gida, sama a buɗe, rana na dukansa kullum. Yanzu kowa na son banɗaki a cikin ɗaki, sai a ƙarge shi da tayil, a bar masa taga kamar tafin hannu, ko a hana shi gaba ɗaya. In Agusta ta zo da marka, ɗakin ba ya bushewa har damina ta wuce.

Saboda haka feshi kaɗai ba ya raba gida da asu. Ƙwayayensa na ɓoye cikin tsagar da magani ba ya kaiwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu yayyafa fiya-fiya ko Sniper a ɗakin da yara ke kwana. Wannan guba ce mai kisa, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna.

Ga abin da ya dace. A kira mai gyaran famfo ya toshe duk inda ke yoyo, musamman ƙarƙashin abin wanke hannu da bayan masai. Bayan wanka a share ruwa, a buɗe taga da ƙofa, a shanya tawul da tsumma a rana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka a liƙe tsagogi da farin siminti. A kwashe kwalaye da tsofaffin jaridu daga jikin bangon da ya haɗa ɗaki da banɗaki. Muhimman takardu su koma mazubin roba mai murfi, tufafin ajiya kuma a riƙa fitar da su suna shan rana. Wanda zai sa kafur ya nisanta shi da yara da kayan jarirai.

Akwai kuma tarko mai sauƙi: a naɗe bayan kwalba mai faɗin baki da salatif na takarda, a jefa gutsuren burodi ciki. Asu zai hau ya faɗa, santsi ya hana shi fita.

Ina kira ga magina da masu gidajen haya da su daina gina banɗaki babu taga ta kirki. Kuɗin taga ɗaya bai kai asarar takardar gida ko littafin gado ba.



Naka,
Mai karatu daga Zariya