Ina Ungulu Ta Tafi?

Dattawan Dawanau sun san zamanin da ungulu ke cika kasuwa, tana bisa rimi da kuka tana jiran mahauta su tashi. Yau da wuya yaro ya gan ta. In an tambayi mutane yaushe ta fara raguwa, sai kowa ya yi shiru, gama ba wanda ya ƙidaya, ba wanda ya rubuta.

Akwai masu cewa ƙidayar tsuntsaye aikin marasa abin yi ne, wai mai cin mushe ba abar kuka ba ce. Wannan magana jahilci ce tsantsa. Ungulu duba-gari ce wadda ba ta karɓar albashi. A ƙasar Indiya wani maganin da ake yi wa shanu ya kashe fiye da ungulu 90 cikin kowace 100, kafin a hana shi a 2006. Mushe ya zama na karnuka, suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. A nan kuwa 'yan magori ne ke sayen kanta, ana sa mata guba, ana sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai, alhali ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. A 2015 masana na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa.

To, me ƙidaya za ta yi mata? Labarin wata dabbar teku mai kama da ayu ya isa amsa. Irin wadda ke tekun Karibiyan, kusa da Amurka, an yi mata ganin ƙarshe a 1952. Ba a tabbatar ta ƙare ba sai a 2008, bayan shekara 56, watau an yi ta'aziyya bayan kabari ya baje. 'Yar'uwarta ta gaɓar Muritaniya kuwa ana sa mata ido. Da annoba ta kashe kamar kashi 2 cikin 3 nasu a 1997, an sani nan da nan, aka tsare kogunan dutsen da suke haihuwa, har suka sake yawaita. A tsibiran Hawayi ma, masu sa kai ne ke ba da labarin duk wadda suka gani ta fito bakin gaɓa.

Irin wannan aiki yana nan a Nijeriya. Tun 2015 wata cibiyar binciken tsuntsaye da ke Jos take tattara rahoton masu sa kai daga ko'ina cikin ƙasa. Masanin da ke Jos ba zai kwana a Dawanau ba, amma manomi kullum yana gona. Wanda ya sauke karatun Yaƙi da Jahilci ba shi da sauran hanzari. Littafi da fensir sun ishe shi: ya rubuta rana, da wuri, da yawan ungulun da ya gani, ko da ɗaya ce. Ranar da bai ga kome ba, ita ma ya rubuta. In ya ga sheƙa a bisa itace, ya shaida wa dagaci domin a hana sara.

Ido ba mudu ba ne, ko da yake ya san kima. Abin da aka rubuta shi ne ake iya ɗorawa gaban hukuma.