Sharhi: Sunan Mugu a Shirin The Untouchables

Sharhin namu na yau ya leƙa Amurka ne, wajen wani tsohon shirin talabijin na jami'an tsaro da miyagu, wanda ya tayar da ƙura shekara 60 da ɗoriya da suka wuce.

A watan Oktoban 1959 tashar ABC ta fara haska The Untouchables, labarin wasu jami'ai da suka gagari masu ba da cin hanci. Hotonsa baƙi da fari ne, awa guda kowane mako, kuma sai da aka yi kashi 118 kafin a rufe shi a 1963. Labarin ya koma ne zamanin da Amurka ta haramta sarrafa barasa da sayar da ita, daga 1920 zuwa 1933, lokacin da 'yan fasa-ƙwauri suka mayar da birnin Shikago tamkar gadon gidansu. Robert Stack ne ya fito a matsayin Eliot Ness, shugaban jami'an, mutum mai ɗaure fuska wanda da wuya a ga haƙorinsa. Jama'a sun karɓi shirin hannu bibbiyu. Stack ya ci kyautar Emmy a 1960, kuma a zango na biyu shirin ya shiga sahun goma da aka fi kallo a ƙasar.

Wanda ya kalle shi ba ya manta salonsa. Ga babbar mota da ƙarfe a goshi ta yi ciki da ƙofar gidan giya, ga jami'ai da gatura suna farfasa ganguna, giya na malala a ƙasa, ga harsashi na tarwatsa gilasan shaguna. A saman duk wannan kuma ga muryar Walter Winchell, shahararren ɗan jarida, yana zuba bayani da sauri da kaifi, har mai kallo ya ɗauka rahoton gaskiya ake karanta masa. Wannan muryar ita ce rabin ƙarfin shirin, ita ce kuma rabin laifinsa, don ta sa ƙage ya sanya rigar tarihi.

Ƙagen kuwa da yawa. Ness na gaskiya ya takura wa Al Capone, shugaban 'yan fasa-ƙwaurin Shikago, da kai samame, amma ba shi ya kai shi kurkuku ba. Masu binciken haraji ne, irin su Frank Wilson, suka bi takardu har kotu ta ɗaure Capone shekara 11 a 1931 bisa laifin ƙin biyan haraji. A talabijin sai ga Ness yana fafatawa da miyagun da bai taɓa haɗa hanya da su ba, har da Ma Barker, wadda jami'an FBI suka kashe a 1935. Shugaban hukumar, J. Edgar Hoover, bai yi shiru ba da ya ga an ɗauki aikin yaransa an ba wani. Shi kuwa Ness bai ga ko ɗaya ba, don ya rasu a 1957, kafin ma littafin da ya rubuta tare da Oscar Fraley ya fito kasuwa.

Amma ba wannan ne ya haɗa shirin da jama'a ba. Sunaye ne. Mako bayan mako, mugun da ake farauta sunansa na Italiya ne, na gaske da na ƙirƙira, yana magana da gurɓataccen Turanci, yana yarfa hannu, yana tsare da faranti a gidan abinci. Jarumin kuwa ba a taɓa damun mai kallo da asalinsa ba. Shi Ba'amurke ne kawai.

A nan ne shirin ya fi tsufa, kuma mai kallon yau zai gane hakan cikin minti kaɗan. An haifi Capone a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok a 1899, ɗan wani wanzami da ya yi ƙaura daga yankin Naples. An haifi Ness a Shikago a 1903, ɗan wani mai gidan burodi da ya yi ƙaura daga ƙasar Nowe. Dukkansu 'ya'yan baƙi ne, dukkansu haihuwar Amurka. Duk da haka Neville Brand, wanda ya fito a Capone, ya riƙa magana kamar wanda ya sauko daga jirgin ruwa jiya, alhali Ness yana Turanci tas. Ɗaya an wanke masa asali an ba shi ƙasa, ɗayan an ɗaura masa asali a wuya an mayar da shi baƙo a garin da aka haife shi. Kuma Brand ɗin ma ba ɗan asalin Italiya ba ne, haka shi ma Bruce Gordon da ya fito a Frank Nitti, magajin Capone.

Masu kare shirin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Capone da Nitti mutane ne da suka rayu, ba marubuci ne ya ƙago su ba. Shekara biyu kafin fara shirin, a Nuwamban 1957, 'yan sanda sun yi dirar mikiya a wani taro a ƙauyen Apalachin na jihar Niyok, suka tsare mutum kusan 60 daga manyan 'yan Mafiya, wato ƙungiyar miyagu masu asalin Italiya. Sai dai kasuwar barasar ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Dean O'Banion, babban abokin gabar Capone, jinin Ailan ne. Hymie Weiss asalinsa Folan. Dutch Schultz da Meyer Lansky Yahudawa ne. Uwa uba, 'yan sanda da alƙalai da 'yan siyasar da ke karɓar na goro daga kowane gida suka fito. Shirin ya nuna wasu daga cikin waɗannan, amma fuskar da ya bari a idon mai kallo ɗaya ce.

Kuma ya taɓa miki ne da bai warke ba. Italiyawa kusan miliyan 4 suka shiga Amurka tsakanin 1880 da 1920, yawancinsu talakawan kudancin ƙasar, masu haƙar rami da dako da ɗinki. A watan Maris na 1891, bayan an kashe shugaban 'yan sandan New Orleans kuma kotu ta kasa samun waɗanda ake zargi da laifi, gungun mutanen gari suka fasa gidan yari suka kashe Italiyawa 11. Sai a 2019 birnin ya nemi gafara. Dokar shige da fice ta 1924 ta rage adadin Italiyawan da ake bari su shiga zuwa kusan 4,000 a shekara, bayan sama da 200,000 sun shiga a 1921 kaɗai. Ga mutumin da ya taso cikin wannan, ya yi yaƙin duniya na biyu da kakin Amurka, ya dawo ya gina gida, kuɗin goro ne kawai yake gani ana yi wa danginsa duk mako a falonsa, yaransa kuma su sha tsokana washegari a makaranta.

A 1961 tura ta kai bango. Ƙungiyoyin Italiyawan Amurka, tare da ɗan majalisa Alfred Santangelo, suka yi kiran a ƙaurace wa kayan kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shirin. Babbansu shi ne Liggett & Myers, masu taba sigari ta Chesterfield. A watan Maris shugaban 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta Brooklyn, Anthony Anastasio, ya fito zanga-zanga, ya kuma yi barazanar cewa yaransa ba za su taɓa kwalin tabar kamfanin ba. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye tallansa. Desi Arnaz, mai kamfanin Desilu da ke shirya fim ɗin, wanda shi kansa baƙo ne daga Kuba, ya sauko. Ya yi alƙawarin ba za a ƙara ƙirƙiro mugu mai sunan Italiya ba, za a ɗaga darajar Rico Rossi, Ba'italiyen da ke cikin tawagar Ness, kuma za a nuna gudummawar Italiyawa wajen yaƙi da miyagu.

Wani abin dariya, wai yaro ya tsinci haƙori: shi wannan Anastasio ƙanin Albert Anastasia ne, ƙasurgumin shugaban 'yan Mafiya da aka harbe a kujerar aski a wani otal na Niyok a 1957. Shi kuma Nicholas Georgiade, wanda ya fito a Rossi ɗin da aka ɗaga don wanke sunan Italiyawa, jinin Girka ne. Iyalan Capone ma sun garzaya kotu suna ƙarar Desilu, suka sha kaye, kuma ɗan Capone ɗin da ke cikin masu ƙarar abokin Arnaz ne tun suna makaranta a Miami.

Shigar irin su Anastasio cikin maganar ta ba mutane da yawa damar yin watsi da koken baki ɗaya, wanda kuskure ne. Koke yana iya zama gaskiya ko da bakin da ya furta shi ba mai tsarki ba ne, kuma yawancin masu ƙorafin ba 'yan Mafiya ba ne. Sai dai maganin da aka samo bai kai ga ciwon ba. An canza sunaye, an bar tsarin yadda yake: laifi abu ne da ke shigowa daga waje, doka kuma ta 'yan gida ce. Ga tarihi cike da mutanen da za a iya gina labari a kansu. Akwai Joe Petrosino, jami'in 'yan sandan Niyok da aka harbe a Palermo a 1909 yana binciken 'yan Mafiya. Akwai Fiorello La Guardia, magajin garin Niyok daga 1934 zuwa 1945, wanda ya ɗauki guduma da hannunsa yana farfasa injinan caca a gaban 'yan jarida. Abin da aka samu shi ne Rossi, mutumin kirki guda ɗaya a bayan Ness, riƙe da bindiga yana jiran umarni.

Rigimar ba ta mutu da shirin ba. A 1970 Joe Colombo, wanda shi ma shugaban wani gidan Mafiya ne, ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin Italiyawan Amurka, ya matsa har masu shirya The Godfather suka cire kalmar Mafiya daga fim ɗin da ya fito a 1972. Da Brian De Palma ya sake ɗauko labarin Ness a 1987, ya fito da maganar ƙabila fili. Sean Connery, a matsayin tsohon ɗan sanda jinin Ailan, ya ci zarafin wani matashin kurtu da ya ɓoye sunansa na Italiya, Giuseppe Petri, ya koma George Stone, don ya gwada zuciyarsa. Wannan wajen ya fi duk abin da tsohon shirin ya yi gaskiya, domin ya nuna abin da suna ke jawo wa mai shi. Amma ko a nan Andy Garcia ne, haifaffen Kuba, ya fito a Stone.

Bambancin da aka samu daga baya shi ne wanda ke riƙe da alƙalami. Marubuta da masu shirya fina-finai irin su Francis Ford Coppola da Mario Puzo da Martin Scorsese da David Chase duk jinin Italiya ne. A The Sopranos, wanda Chase ya shirya daga 1999 zuwa 2007, mugun Ba'italiye ne, likitarsa ma haka, cikin jami'an FBI da ke bibiyarsa ma akwai, kuma a teburin cin abinci iyalin likitar suna gardama a kan irin wannan zubar da mutunci da fina-finai ke jawo musu. The Untouchables bai taɓa barin Italiyawa su yi wannan muhawara da bakinsu ba.

Hakan ma bai gamsar da kowa ba. A 2001 wata ƙungiyar Italiyawa a jihar Illinois ta kai masu The Sopranos ƙara, kotu ta kori ƙarar. A 2002 masu shirya faretin ranar Columbus a Niyok suka hana magajin gari Michael Bloomberg zuwa da biyu daga 'yan wasan shirin, Dominic Chianese da Lorraine Bracco, waɗanda dukkansu jinin Italiya ne. Bloomberg ya fasa zuwa faretin, ya ɗauke su suka tafi cin abinci a unguwar Bronx.