Filin Noma da Kiwo: Ƙunar Sanyi a Jikin Kaji

A ƙasashen da ake zuba dusar ƙanƙara, irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka, akwai wata cuta da kan auka wa kajin gida daga watan Disamba zuwa Fabrairu, wadda ya dace a kira ta ƙunar sanyi. Ruwa yakan daskare idan ma'aunin zafi ya sauko digiri 0, alhali kuwa a birnin Winnipeg na Kanada akan kwana a digiri 20 ko 30 ƙasa da haka cikin watan Janairu. Kaza mai lafiya takan jure, domin zafin jikinta ya kai kimanin digiri 41, ga kuma gashi ya lulluɓe ta. Wuraren da ba gashi su ne ke shan wuya, watau zanko, da naman nan da ke reto ƙarƙashin baki, da yatsun ƙafa.

Idan sanyi ya tsananta, sai jiki ya janye jini daga waɗannan wurare don ya tsare zuciya da huhu. Sa'an nan ruwan da ke cikin naman ya daskare, ya yi masa ɓarna. Da farko bakin zankon yakan yi fari ko toka-toka, daga baya ya kumbura ya yi bororo. In abin ya yi nisa sai ya yi baƙi, ya bushe, ya guntule, kuma abin da ya guntule ba ya sake tsirowa. Zakaran da ya kamu yakan rage barbara na ɗan lokaci, kazar da yatsunta suka zube kuwa ta gurgunce ke nan.

To, abin da masana kiwon kaji suka fi ja wa mutane kunne a kansa shi ne laima. Numfashin kaji da kashinsu suna fitar da tururi dukan dare. Mai kaji, saboda tausayi, sai ya toshe kowace kafa ta akurki, tururin nan ya rasa hanyar fita, ya sauka a kan zanko ya daskare. An guje wa gara ke nan an faɗa gidan zago. Saboda haka ake barin kafofin iska can sama da inda kaji ke kwana, yadda tururi zai fice ba tare da iska ta buge su ba. Har ila yau akan canza shimfiɗar ciyawa ko garin katako da zarar ta jiƙe, a kuma kafa musu katako mai faɗin kimanin inci 4, domin su kwanta a kan yatsunsu gashin ciki ya rufe su. Fitilar ɗumama akurki kuwa ta sha jawo gobara.

Waɗansu tun daga zaɓen iri suke yin rigakafi. A garin Oka na lardin Quebec, wani ɗan zuhudu mai suna Wilfrid Châtelain ya yi shekaru yana gauraya iri, har a 1918 aka fito da kazar Chantecler mai ɗan mitsitsin zanko, wadda sanyi ba ya samun abin kamawa a kanta. Irin Leghorn mai dogon zanko kuwa yana cikin masu saurin kamuwa.

Idan kaza ta riga ta kamu, akan shigar da ita ɗaki, a tsoma ƙafafunta cikin ruwa mai ɗumi kamar na jikin mutum, na kimanin minti 20, a kuma ɗora tsumma mai ɗumi a kan zankon. Ba a murza wurin, ba a kara ta da wuta, ba a fasa bororon, ba a kuma yanke baƙin naman, gama shi ke kāre na ƙarƙashinsa. Kada a mayar da ita cikin sanyi, domin daskarewa ta biyu ta fi ta farko ɓarna. Akan ware ta don kada 'yan uwanta su tsattsage ciwon, in ya fara ruwa ko wari a nemi likitan dabbobi. Warkewa takan ɗauki mako 4 zuwa 6.

Hunturun ƙasar Hausa bai kai ya daskarar da zankon kaza ba, amma mai kiwo a nan yana da abin ɗauka. 'Yan tsaki na bukatar ɗumi na kimanin digiri 32 zuwa 35 a makonsu na farko, shi ya sa ake sa musu kaskon gawayi. Wanda ya yi haka ya kuma toshe ɗakin ruf, hayaƙi da warin kashi za su kashe abin da sanyi ya bari. A ba su ɗumi, a bar wa iska hanya ta sama, a kiyaye shimfiɗa a bushe. Allah Ya sa albarka a kiwo, amin.