Bahago Mai Jitar Bas, Kar Ka Yi Gaggawa

Idan kai bahago ne mai kaɗa jitar bas, ka san wahalar shiga shago ka tarar duk na 'yan dama ne. Shi ya sa wasunku ke hangen Chapman Stick, kayan kiɗan da Emmett Chapman na Amurka ya fara sayarwa a 1974.

Wannan ba a fizgar tsirkiyarsa. Hannu biyun duk suna kan wuyansa, yatsu na danna tsirkiya goma. Tony Levin na King Crimson ya yi suna da shi, je ka YouTube ka gani.

To, ga inda gizo ke saƙar. A tsarin da aka saba, hannun hagu ke riƙe bas, dama na fitar da karin waƙa. Kai kuwa damanka ce ta saba danna tsirkiya, hagunka fizga kawai ta iya. Wato sai hagun ta koma ajin farko.

Ni dai a ganina, kar ka biya a juya maka shi tukuna. Abin da tsada, kuma juyayye wuyar sayarwa gare shi in ka gaji. Fara gwada dannawa da hannu biyu a kan bas ɗinka na wata guda.