Katin Hoto Mai Nauyin Tiyar Gero: A Tokare Shi Tun Daga Butiki

A makon jiya, muna cikin shirinmu na rediyo na ranar Alhamis, wata baiwar Allah mai sayar da tattasai da kayan miya a Kasuwar Dole ta kira mu da wani kuka wanda har yanzu bai bar kunnenmu ba. Ta ce wata goma tana zubin adashe, da kwasarta ta zo sai ta haɗa da kuɗin raguna biyu da ta kiwata, ta saya wa ɗanta babbar kwamfuta ta kan tebur domin ya riƙa montaj na bidiyon biki da suna, ya daina zaman fada yana shan shayi. Daga Kano aka kawo injin. Wata huɗu bai cika ba hoto ya fara yin layi-layi, daga baya gilashi ya yi baƙi ƙirin. Da suka koma wajen wanda ya sayar musu, sai ya ce kuran ne ya ƙone shi, kuma ba a ba da garanti a kan kuran. Da mai gyara ya buɗe akwatin, babu ƙauri, babu alamar ƙuna. Abin da ya tarar shi ne katin hoto ya sunkuya ƙasa, gindinsa ya tsage. Tambayarta guda ce: "Malam, ni dai ku gaya mini, laifin wane ne?"

Wani zai ce mene ne haɗin ƴan kasuwa da cikin kwamfuta, har da za a ɓata shafin sharhi a kansa. Haɗin a fili yake. Duk wanda ya zaga Zango da Sabon Gari da bakin kasuwa zai ga shagunan ɗaukar hoto, da na buga katin gayyata da kalandar biki, da na montaj, da ɗakunan da yara ke biya su yi wasan ƙwallo a gilashi. Samarin da ke zaune cikin waɗannan shaguna ba banki ya ba su jari ba. Daga tiren goro da buhun wake da tukunyar awara kuɗin ya fito. Haka kuma masu shigo da injunan ƴan'uwanmu ne ƴan kasuwa. Ashe kuwa maganar tamu ce, ciki da bai.

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikin akwatin ba, ga yadda abin yake. Akwai wani babban faifai da ake kira uwar kati, wanda komai ke maƙale a jikinsa. Shi kuwa katin hoto, wanda masu gyara ke kira kart grafik, shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a gilashi, kuma shi ne ke ɗaukar wahalar aikin bidiyo. A shekarun baya ɗan siriri ne, bai fi tafin hannu ba. Yanzu ya zama ƙato, domin aikin da yake yi ya ƙaru, zafin da yake fitarwa ya ƙaru, dole aka ɗora masa ƙarafan jan zafi da fanka biyu ko uku. Alal misali, katin RTX 4090 da kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar a watan Oktoba na 2022, tsawonsa ya haura santimita 30, nauyinsa ya haura kilo 2, wato ya kusa kamo tiyar gero, yana kuma cin wuta wat 450, kwatankwacin fankar sama shida. Farashinsa ranar da ya fito dalar Amurka 1,599 ne, wajen miliyan guda na sefa ke nan. Ba mu ce irinsa ne ya cika shagunan Damagaram ba. Ƙannensa ne suka fi zuwa mana, galibi na hannu, amma su ma da yawansu sun haura kilo guda.

To me ke riƙe da wannan nauyi? Wata ƴar tsaga ce a jikin uwar kati mai suna PCI Express, wadda tsawonta bai kai santimita 9 ba, sai kusoshi masu murɗawa guda biyu ko uku a bayan akwati. Shi ke nan. Tun wajen 2004 ake amfani da wannan tsaga, lokacin da katuna ba su da wani nauyin a zo a gani, kuma har yau girmanta bai sauya ba. Idan akwatin na tsaye ne, katin a kwance yake, gefe guda a kame, ɗaya gefen yana reto a iska. Uwargida, ki ɗauki tiyar gero ki miƙe hannu da ita, ki ga ko za ki kai minti biyar. Haka katin nan yake tsaye dare da rana, shekara da shekaru. Maginan Birni sun san wannan tun zamanin Sarki Tanimu: ba a barin azara ta yi doguwar tafiya ba ginshiƙi ba bakan gizo, in an bar ta sai ta yi ciki, ranar da damina ta yi nauyi ta sauko.

Ɓarnar ba ta zuwa rana ɗaya, shi ya sa take yaudarar mutane. Katin yakan fara lanƙwasa kaɗan-kaɗan. A jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi da aka liƙa da ɗigon dalma ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an ƙura ido ake ganinsu. Duk lokacin da aka kunna inji katin ya yi zafi ya saki jiki, aka kashe ya huce ya ɗaure, ga nauyi yana jansa ƙasa, sai dalmar ta fara rabuwa, musamman ta ƙwayoyin da ke kusa da tsaga. Wani lokaci faifan ne da kansa ke tsagewa daidai wurin ƙugiyar da ke kama shi, kamar yadda ya faru ga ɗan wannan baiwar Allah. Kuma a cikin faifan akwai siraran hanyoyin wuta hawa-hawa waɗanda ido ba ya gani, in suka yanke da wuya a samu mai ɗinke su. Alamun su ne layi ko ɗigo-ɗigo a hoto, gilashi ya ɗauke ana tsakiyar aiki, fanka ta riƙa gogar wani abu tana ƙara, ko inji ya tashi yau gobe ya ƙi.

Turawan da suka ƙera waɗannan katuna suna kuka da wannan matsala, alhali injinsu na zaune cikin ɗaki mai sanyi, ba ya motsawa. Ina ga mu? A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, shagon kwano kuwa sai wanda ya zauna ciki. Da hunturu ƙura ta toshe ƙarafan jan zafi, katin ya ƙara dahuwa. Amma babbar musibar ita ce hanya. Injin da aka saya a Titin Beirut na Kano zai bi ta Kazaure da Daura, ya tsallaka Kwangwalam da Ɗan Barto, ya bi Matamaye kafin ya iso, ko kuma ya biyo ta Babban Mutum da Magariya. Wanda ya fito daga Yamai kuwa yana da wajen kilomita 900 a gabansa, bayan wahalar da ya riga ya sha: a 2023 da aka rufe gadar Gaya, kayan da ke sauka a teku suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A ɗora shi bisa mota tare da buhuna, a sauke a duwan, a sake ɗorawa, ƙarshe ɗan kabu-kabu ya ɗaure shi da roba a bayan babur. Kowane rami mota ta faɗa, katin nan sai ya yi tsalle ya dawo da dukkan nauyinsa a kan ƴar tsagar nan. Kati da yawa sun samu raunin da zai kashe su tun kafin mai shi ya biya kuɗi.

Akwai kuma abin da ya kamata masu saye su sani game da katunan hannu. A ranar 15 ga Satumba 2022, kuɗin intanet da ake kira Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙarsa. Masu wannan sana'a a ƙasashen duniya, waɗanda suka jera katuna suna aiki ba dare ba rana, suka zubo su kasuwa da araha. Wasunsu lafiyarsu lau, wasu kuwa sun gaji. Katin da ya sha irin wannan gashi, in aka ƙara masa lanƙwasa da girgizar hanya, kwanansa ƙidayayye ne. Araha dai ba ta ado.

Ba mu wanke kuran ba. Kowa ya tuna halin da muka shiga daga watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, har zuwa watan Maris na 2024, da irin kayan da ɗaukewa da dawowar wuta suka lalata wa mutane. Wanda ya sayi inji mai tsada bai sayi ondiler ba, ya yi ganganci. Sai dai abin takaici shi ne kuran ya zama bangon da kowane mai sayarwa ke laɓewa a bayansa. Ƙuna daban, karaya daban. Mai gyara mai tsoron Allah yana iya bambance su cikin minti kaɗan, in dai an yarda an buɗe akwatin a gaban shaidu.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne sauƙin maganin. Tokara ce kurum. Wani ɗan sanda ne da ake kafawa daga ƙasan akwati zuwa kusurwar katin da ke reto, ya ɗauke mata nauyi. Akwai na kanti masu murɗawa a daidaita tsawo, wasu katunan ma da tasu suke fitowa cikin kwali, sai dai a kan hanya take ɓacewa. In babu, guntun busasshen katako ko bututun roba da aka yanka daidai awo ya wadatar. Sharuɗɗan kaɗan ne: a kashe inji a zare waya kafin a sa hannu, tokarar ta taɓa murfin katin, kada ta taɓa fanka ko faifan, a ɗaga shi ya daidaita kawai, kada a tura shi sama ya lanƙwasa ta ɗaya gefen, in ta ƙarfe ce a sa mata roba a kai, a kuma kafa ta da kyau kada ta faɗi cikin inji. A ɗaure kusoshin baya duka, domin mun ga inda aka sa guda aka bar sauran. Igiyar wutar katin a ratayo ta daga sama, kada ta zama ƙarin kaya. Wanda ke da fili a tebur yana iya kwantar da akwatin, uwar kati ta koma ƙasa, katin ya tsaya a kan ƙafarsa, muddin bai toshe hanyar iska ba.

Tafiya kuwa hukuncinta guda ne: a cire katin, a sa shi cikin ledarsa mai ƙyalli da kwalinsa, a riƙe shi a cinya kamar yadda ake riƙe kwandon ƙwai. Tokara ba ta hana ɓarnar ramin hanya. Masu ɗaukar inji zuwa gidan biki a Mirriya ko Tanut su ma wannan ya shafe su.

Ra'ayinmu shi ne wannan aiki na mai sayarwa ne. Shi ya san abin da ke cikin akwati, shi ya san hanyar da ya biyo da shi. Matar da ta ƙirga masa kuɗin adashenta ba ta san akwai wani abu wai shi kati ba. Mun ji hujjar wasu daga cikinsu, kuma ba mu raina ta ba: sun ce riba kaɗan ce, duwan na ci, canjin naira da sefa na ci, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne kayan hannu ba sabo ba ne. Amma mai sayen rariya yana ganin hudojinta da idonsa, wannan kuwa aibi ne a rufe cikin akwati mai kusoshi. Mai sayar da ƙwai ba ya juye su cikin buhu ya ce wa mai saye tsautsayi ne. Guntun katako da aikin minti goma ba za su karya jarin kowa ba, kuma ɗan kasuwar da aka san injinsa ba ya mutuwa a wata huɗu, shi ne zai ga ciniki badi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa masu harkar kayan lantarki a Damagaram da su zauna su mayar da wannan al'ada: kati ya zo daban, a ɗora shi a butiki gaban mai saye, a tokare shi, a kunna a gwada, a rubuta sunan katin da kwanakin garanti a takardar ciniki. Kafintocinmu da masu walda su ma ga ƙofa ta buɗe musu, domin garin da maƙeransa suka ƙera igwa a zamanin Tanimu ba zai rasa mai yanka tokara ba.

Ku kuma iyayenmu mata, ba sai kun iya kwamfuta ba. Buhun wake ma sai kun sa hannu ciki kafin ku biya. Ku ce a buɗe murfin gefe. Ku duba ƙaton abin nan mai fanka: a miƙe yake ko ya sunkuya? Akwai abin da ya tokare shi? Ku tambaya sabo ne ko na hannu, a haɗe ya zo ko a kwalinsa. Ku tafi da mai gyaran da ba yaron mai shagon ba. In an ƙi buɗewa, ku ɗaure bakin zanenku ku yi gaba.

Ita kuwa baiwar Allah da ta kira mu, dattawan layinsu sun shiga maganar. Mai kayan ya yarda zai ɗauki rabin kuɗin wani katin, ita ta nemo rabi, kuma ta ce sai bayan kwasar adashe mai zuwa. Kafin nan yaron yana aikin bukukuwan da ya riga ya karɓi kuɗinsu a shagon wani abokinsa, da dare, bayan mai shagon ya tashi.