Ra'ayi: Mun Ci Amanar Narambaɗa

Takaici ke kama ni duk sa'ad da wani babba ya miƙe a taro yana kambama Ibrahim Narambaɗa, a yi tafi, a ci shinkafa, a watse. Mutumin Tubali ya rungumi kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa, har sunan Isa ya zaga ƙasar Hausa. Yau sama da shekara 60 da rasuwarsa, ban da yabon fatar baki, me muka tsinana masa?

Leƙa rumfar masu tura waƙa a kasuwa. Za a zuba maka Bakandamiya da Dokin Iska a waya kan kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba. Muryar tana nutsewa cikin ƙugin tsohon kaset, wata waƙar an gutsure mata kai, wata an liƙa mata sunan wani makaɗin. 'Yan amshi kuwa ko sunansu ba a ji, alhali waƙar fada ba aikin mutum ɗaya ba ce. Narambaɗa ke kafa gindi, su karɓa, su ƙara, su riƙe masa amo.

Babbar asarar ma tana gaba. Narambaɗa ba ya ajiye magana a fili, cikin zambo da habaici yake naɗe ta, da Hausar Gobirawa mai nauyi. Wane ɗan sarki aka soka a wannan ɗan waƙa? Wace rigimar sarauta aka yi wa shaguɓe? Amsar tana kan tsofaffin Isa da Sabon Birni, kuma su ne 'yan bindiga suka tarwatsa, wasu suna gudun hijira a yankin Maraɗi. A ƙasar da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a watan Agustan 2024, wane dattijo ke da natsuwar warware wa jikoki baitin waƙa?

Na san za a ce ana ta kai wa ke ta kaya. To, ashe akwai kuɗin da za a yi wa mawaƙan siyasa ruwan naira da kyautar motoci, kan waƙar da ke mutuwa ranar rantsuwa? Wannan uzuri a kai shi kasuwa.

Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi nasu a rubuce, amma littafi ba ya adana murya. Gwamnatin Sakkwato da masarautun Gobir da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su tattaro faya-fayan nan, a tace su, a rubuta sunan kowane ɗan amshi da aka iya ganowa, a bi dattawan nan duk inda suke a naɗi bayaninsu tun suna da rai. Wanda ba zai sa hannu a wannan aiki ba, don Allah ya daina kiran sunan Narambaɗa a jawabinsa.